Shekarar da Ayari Ya Tashi Babu Lawal

Na san abin da ake faɗa a gidan nan game da ni da Baba Lawal tela, Allah ya jiƙansa. Na ji shi a bakin yayarku Hadiza, na ji shi a bakin auta, har jikata ta taɓa tsare ni da tambaya, wai da gaske ne na yi shekara biyu ba na shiga harkar aminina saboda wasa. To ku ajiye wannan magana. Ni da Lawal ba mu taɓa sa-in-sa ba, tun muna yara muna satar rake a fadamar bayan gari har ranar da na kama aka sa shi a kabarinsa. Wasan yana cikin labarin, wannan gaskiya ne, amma ba ta inda kuke zato ba. Tunda rubutun nan ya kawo ni wannan wuri, gara in faɗa muku yadda aka yi, don in na kau babu wanda ya rage da zai gyara muku.

Sai na fara da Sande, don shi ya jajibo mana abin. Iyayensa Yarabawa ne 'yan kasuwa, amma a Funtuwa aka yanke masa cibiya, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana da shagon maganin feshi a bakin kasuwa, ni kuma lokacin ina sabon malamin gona, don haka kullum ƙafata tana shagonsa. Wata rana ya dawo daga Zariya da wani tsohon littafin Turanci da ya tsinta a cikin na gwanjo, ko bango babu. A ciki an bayyana wani wasa da mutane ke zama, kowa ya zama wani mutum dabam, ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da za su yi. Littafin cike yake da dodanni da mayaƙa masu rigar ƙarfe. Lawal ya juya shi, ya juya, ya miƙa wa Sande kayansa.

"Ina ruwanmu da dodannin wasu?" in ji shi. "Kakana bafatake ne, da ƙafa ya je Gwanja ya ɗauko goro. Abin da ya gani a hanya ya fi wannan ban tsoro."

Haka muka zubar da dodannin muka riƙe tsarin, muka sa wa namu suna Fatake. Ranar Asabar bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a rumfar bayan shagon Sande, daga an gama ɗibar auduga har saukar ruwan farko, don da damina babu mai lokacin kansa. Kowa yana da mutuminsa a cikin ayarin, da sunansa da sana'arsa da halinsa. Sande ne mai labari. Shi zai ce kun iso bakin kogi ya kawo, ko ga 'yan fashi a bayan dutse, ko sarkin garin ya ce ba ku wucewa sai kun bar jaki. Kai kuma ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ƙwayar ludo, ita za ta nuna ko ya ci nasara ko ya sha ƙasa. Ba a sa ko sisi. Limamin unguwar ya taɓa zuwa da kansa don an kai masa tsegumin wai caca muke yi. Ya zauna yana harararmu har aka kira magariba, da zai tashi sai ya tambayi Sande a hankali ko an ga jakin nan da ya ɓace.

Ni mutumina mai jakuna ne, matsoraci na ƙarshe, kuma da gangan na zaɓe shi haka don na san halina. Alhaji Sani mai auduga shi ne madugu, don ko a wasa ba ya yarda ya bi bayan wani. Lawal kuwa wanzami ya ɗauka, ya sa masa suna Na-Allah, maƙaryacin da bai taɓa haɗiye magana ba. In Lawal ya shiga rigar wanzamin nan har muryarsa sauyawa take, ta koma ta hanci. Sande zai haɗe rai ya zama sarkin wani gari da ya tsare mu, sai ka ji Na-Allah ya gurfana.

"Ranka ya daɗe, ai ni na yi wa kakanka askin suna. Gashin ma yana nan cikin zabirata, in kana so in ciro maka."

Dokokin ni na buga su a tafiretar ofis, muka riƙa kiransu bugu na farko don ba'a, kamar wasu manyan marubuta. Bugun farkon nan ba shi da tausayi. In mutuminka ya mutu, ya mutu, sai ka koma gefe ka yi kallo har baɗi. Wanda dokar ta fara ci shi ne Alhaji Sani, tun ba a je ko'ina ba, kuma jakina ne ya harbe madugun nasa a ƙirji. Rani guda ya yi a gefen tabarma yana cin gyaɗa da fushi, kowane mako sai ya maimaita cewa mutum da rawaninsa bai kamata jaki ya kashe shi ba. Saboda shi muka yi bugu na biyu. A ciki, wanda ya faɗi ba ya mutuwa nan take, sai dai wani ya yar da kayansa ya goya shi zuwa zango na gaba. Wannan gyara ya yi mini daɗi, don a nan kake ganin wanda zai zubar da huhun goro saboda kai da wanda zai yi kamar bai ji ba. Muka kuma ƙara cewa duk wanda maganarsa ta sa tabarma gaba ɗaya dariya, yana da damar sake jifa. Lawal aka yi wa wannan, kowa ya sani, kuma shi kaɗai ya ci moriyarta.

Akwai doka ɗaya da ta ratsa bugu na farko da na biyu ba a taɓa ta ba, wato ayari ba ya tashi da giɓi. Daga bakin kakan Lawal muka samo ta, wanda ya ce fatake ba sa barin mutum a zango: in ba shi da lafiya a jira shi, in ya ɓace a neme shi. Mu kuma muka ɗauke ta yadda take. In Asabar ta yi wani bai zo ba, ba a jefa ƙwaya. Sai a naɗe tabarma, a ɗunguma zuwa gidansa. In yana iyawa a yi wasan a ƙofar gidan, in ba ya iyawa a gaishe shi a watse. Dokar nan ta wahalar da mu ba kaɗan ba. Mun yi wasa a kan tulin auduga a Gozaki, don Alhaji ya maƙale can wajen saye. Mun yi a barandar asibiti lokacin da babur ya karya Sande, har ma'aikaciyar jinya ta kore mu. Mun taɓa iske wani daga cikinmu, ba zan faɗi suna ba, ya yi rigima da maiɗakinsa ta tafi gida, shi ya sa ya ɓuya. Ranar ba a yi wasa ba, biko muka tafi. Kowa yana ƙorafin dokar, ni ma ina yi. A lokacin ban taɓa zama na lura cewa saboda ita babu abin da ke samun ɗayanmu ya kwana bakwai sauran ba su sani ba.

Shekaru suka tura, furfura ta fara leƙowa, aka mai da ni Malumfashi da aiki. Nan dokar ta koma kaina. Yau taron manoma, gobe rabon iri, jibi motata ta ƙi tashi. Duk Asabar ɗin da ban zo ba, sai in ji a-kori-kurar Alhaji ta tsaya a ƙofar gida, manyan mutane sun bar harkokinsu sun biyo ni da tabarma a hammata. Ku manyan kuna tunawa, don ku kuke kai musu ruwa. Innarku ta tashi ta ɗora tukunya ba shiri, su kuma su yi wasan a gurguje su kama hanya tun da sauran rana, don hanyar ba ta biyuwa in duhu ya yi. Ina jin daɗin ganinsu, amma kunya tana cina. Na ga na zama kaya a wuyansu, kuma ni mutum ne da na fi son a ce na yi wa wani wahala da a ce an yi mini.

A zaman ƙarshe na wani rani, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa hankalinsa ya koma gona, Sande ya ce a kawo gyare-gyaren bugu na uku kafin a watse. Aka yi 'yan ƙananan maganganu a kan farashin jaki da yawan 'yan fashi. Sai Lawal ya gyara zama. Ba da muryar wanzami ya yi magana ba, da tasa ya yi.

"Ni ina da guda. Mun girma, kowa da abin da ya sha mashi kai. Dokar giɓin nan a sauke ta. In mutum bai zo ba, ya wakilta wani ya riƙe mashi mutuminshi, ayari ya wuce. Ba sai an bi kowa gida ba."

Ya faɗa, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana juyo da kansa gaba ɗaya wajen kowane mutum, ya zo kaina ya tsaya. Ni na ɗauka don ni ya yi. Na ce a raina, ka ji amini, ya ga kunyar da nake sha ya ɗauke mini ba tare da ya ambaci sunana ba. Daɗi ya kama ni har na yi dariya.

"Na yarda," na ce. "Wallahi tunda muka fara wasan nan ba a taɓa kawo gyara mai kyan wannan ba."

Alhaji ya ce man motarsa ya huta. Sande bai so ba, don dama shi ba ya son a taɓa tsohon abu, amma da ya ga jikan mai dokar ne da kansa ya kawo, sai ya rubuta. Lawal ya ce to madalla, ya lalubi takalmansa ya sa, muka yi sallama. Da na dawo gida na ba innarku labari ina murna, na ce ta huta da girkin ba-zata. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ni na ce maka na gaji, Malam? To yanzu wa zai riƙa zuwa gidan wa?"

Na ce mata ai ga waya, kuma ba rabuwa aka yi ba. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Damina ta wuce, aka ɗebe auduga, muka koma tabarma. Asabar ta farko Lawal bai zo ba. Ya kira ni ya ce ɗinki ya yi masa yawa, in riƙe masa wanzami. Ta biyu ya ce baƙi ya yi. Daga baya muka ji ya bar shagon a hannun ƙanensa ya koma gidan gadonsu a Mahuta, wai zai kula da gonar da aka bar masa. Babu wanda ya ga abin mamaki, don kowane ɗan Funtuwa in ya manyanta gona yake tunawa. In ka kira shi, muryar nan tana nan garau, da ba'a da komai. Kuma gaskiya sabuwar dokar ta yi aiki. Ba mu taɓa yin ranin da labari ya yi nisa kamar wannan ba, ko Asabar ɗaya ba ta faɗi ba. Ni kaina na yi fashi sau da yawa, babu wanda ya biyo ni, na ji wata irin sakewa. In na zo kuwa, sai in iso ana la'asar, in juya kafin rana ta faɗi. Mahuta ba nisa gare ta ba, amma ba a kan hanyata take ba, kuma yanzu babu abin da ya tilasta.

Wanzamin yana hannuna duk wannan lokaci. Na riƙe shi da amana, ban taɓa jefa shi cikin haɗari ba. Ya tara jakuna, ya yi aure a wani gari, ya zama mai faɗa a ji a ayari. Sai dai ni ban iya ƙarya mai daɗi ba, don haka Na-Allah ya koma shiru-shiru, in an zo kansa in jefa masa ƙwaya a wuce. Dokar sake jifa tana nan a takarda, amma ba wanda ya ƙara cin ta.

Abin da kuka ji kuka ɗauka faɗa ne, ga shi. Wata ranar kasuwa ina ratsa Funtuwa a mota, sai na hango Lawal a bakin titi, tsaye kusa da ƙanensa. Cunkoso ya hana ni tsayawa. Na rage gudu, na fito da hannu ina ɗaga masa, ga shi fuskarsa tana kallon inda nake sosai. Ko gezau bai yi ba. Abin ya soke ni. Na zo gida na faɗa da zafi a tsakar gida, kuna ji, na ce tunda Lawal ya zama babban manomi ya daina ganin mutane, to kowa ya riƙe kansa. Maganar ɓacin rai ce ta yini ɗaya, ban riƙe shi da komai ba. Amma daga nan kiran wayar ya ja baya, ni ina jiran ya fara, shi ma ban san me yake jira ba. Haka wata daminar ta zo ta wuce.

Rani na biyu bai daɗe da kamawa ba na iso rumfar Sande na tarar da tabarma a naɗe, jingine da bango. Alhaji yana tsaye. Sande yana zaune a kan benci da makullin shago a hannu. A cikin makon ya kai wa wani manomi kaya Mahuta, ya ce bari ya leƙa Lawal.

"Yau ba labari," in ji shi. "Ku shiga mota. Lawal ba ya gani."

Na ce kamar yaya ba ya gani.

"Kamar yadda na faɗa maka, Malam Ilu. Na tsaya gabanshi kamar yadda nake gabanka, sai da na yi magana ya san ni ne."

Mun same shi a zaure yana ɓarar masara da hannu a cikin kwando. Ya rame, amma rigarsa fes, hularsa a karkace yadda ya saba. Idanunsa a buɗe suke, in ba an faɗa maka ba ba za ka ce komai ba. Muka yi sallama, ya amsa, ya karkata kai yana sauraron takunmu.

"Wannan jan ƙafar na Alhaji ne. Wannan kuma mai tafiya kamar ana bin shi bashi, mai jakuna ne. Wa ya ba ku izinin barin zango?"

Babu wanda ya yi dariya. Na durƙusa na kama hannunsa, hawaye kawai nake yi, ni da girmana. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Maiɗakinsa Hajiya Ladi ta zo bakin ƙofar zaure ta gaishe mu daga ciki, ta ce wallahi ta so ta aiko tun tuni, shi ya haɗa ta da Allah, ita da ƙanensa, kada su faɗa wa kowa. Ta ce abin ya daɗe yana cinsa ta gefe-gefe, ba ciwo ba ja. Ya fara da kasa ganin wanda ya zo ta gefensa, sai ɗinki ya fara karkacewa, har wani ya dawo masa da riga ya faɗa masa magana mai zafi. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya sha jiƙe-jiƙe, ya yi ta ɗiga abin da aka ba shi. Asibiti kuwa ya ƙi, don a Funtuwa duk inda ya shiga sai an gan shi.

Don a kau da zancen ya tambayi labarin wanzaminsa. Alhaji ya shiga lissafa masa jakuna da matar da gidan da ya gina. Lawal ya saurara har ƙarshe.

"Ƙarya nawa ya yi?"

Na ce bai yi ko ɗaya ba.

"To wannan ba nawa ba ne. Wani mutumin kirki ne kuka samu a hanya."

A wannan makon na ɗauke shi a motata zuwa asibitin ido a Kaduna. Likitan mace ce, mai haƙuri, ta daɗe tana dubawa. Ta ce hawan jinin ido ne. Ta ce irinsa in an tare shi da wuri, maganin ɗigawa yana riƙe abin da ya rage shekara da shekaru, amma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, kuma nasa ya tafi. Ta tambayi yaushe ya fara, ya faɗa mata. Ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce ashe babu wanda ya lura a cikin na kusa da shi. Ni na san asibitin nan tun tuni, manoma nawa na kwatanta wa hanyarsa. Ga mota ina da ita. Tafiyar safiya ɗaya ce.

A hanyar dawowa muka tsaya sallar azahar a wani ƙaramin masallaci na bakin titi. Na zuba masa ruwa ya yi alwala, na ja shi na tsai da shi a sahu. Da muka idar muka zauna a inuwar wata bishiyar mangwaro kafin mota ta huce. A nan na yi masa tambayar da ke cina tun Mahuta. Na ce ashe ranar da ya kawo dokar wakilci ya riga ya san halin da yake ciki.

"Na sani," in ji shi. "Lokacin ina ganin abin da ke gabana tar, gefe ne babu. Na san in tsohuwar dokar tana nan, Asabar ɗaya zan yi fashi ku cika mani zaure, ku gan ni ina laluben butar alwala. Kai kuma na san ka, da ka sa ni a mota ko ina so ko ba na so. Ban shirya a ce tela ya makance ba, Ilu. Kunya na ji."

Na ce to ai ya samu abin da ya nema, ya rufe mana ƙofa da hannunsa. Na faɗa da ɗan zafi, don ina neman inda zan ajiye nauyin da ke ƙirjina. Ya murza carbinsa. Can ya yi ɗan murmushi.

"Haka ne, ni na kawo ta. Amma ka san wani abu? Ina faɗa ina addu'a wani ya ce a'a. Dokar kakana ce, shekara da shekaru muna wahala a kanta, na ce ai ba za su yarda a sauke ta da magana ɗaya ba. Da mutum ɗaya ya ƙi, da na ce shi ke nan, na gwada, Allah bai nufa in ɓuya ba." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Na fi sa rai da kai."

Ba da zargi ya faɗa ba. Yadda mutum zai ce an yi ruwa jiya, haka ya faɗe ta. In ce na ɗauka don ni ya yi? Gaskiya ce, amma da na auna ta a bakina sai na ji ta fi shirun muni. Na tashi na kama hannunsa muka koma mota.

Mun mai da tsohuwar dokar, ba tare da an ko zauna a kanta ba. Tabarmar ta koma zauren Mahuta gaba ɗaya, ni nake jefa masa ƙwaya in faɗa masa abin da ta nuna, wani lokaci ya ce ƙarya nake a kirawo shaida. Na-Allah ya dawo da bakinsa, a zama biyu ya salwantar da duk jakunan da na tara masa. Mun yi dariya sosai a shekarun nan da suka rage masa, ba zan ce ba mu yi ba. Na yi ritaya na dawo Funtuwa, kuma rani da damina babu makon da ban je ba har Allah ya karɓi abinsa. Bai sake tayar da maganar inuwar mangwaron nan ba, ni ma ban sake ba.

To wannan shi ne abin da ya shiga tsakanina da Baba Lawal, ku daina cewa faɗa. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi, don ana shirya faɗa a wuce wurin. Na san komai da ƙaddara, na kuma san shi ya zaɓi ya ɓuya. Duk na faɗa wa kaina wannan, kuma malamai sun faɗa mini. Amma baƙin cikin bai tafi ba, ga shi har na tsufa da shi. Na zauna kusa da mutumin nan shekaru bayan haka, ya san muryata, ya san takuna, ya san lokacin da nake murmushi ko ban yi magana ba. Fuskata kuwa bai ƙara gani ba. Wadda ya tafi da ita kabari ita ce ta ranar nan a rumfar Sande, lokacin da ya juyo ya tsaya a kaina yana jira, ni kuma ina dariya ina cewa na yarda.